Malama Tambaya da Ƙofar Baya

Dole a yaba wa kwamitin kasuwarmu, ba su taɓa makara a wajen ta'aziyya ba. Ranar Litinin, tara ga wannan wata, da hantsi, labari ya iso cewa Allah Ya karɓi ranki, Malama, bayan jinyar da kika sha. Kafin azahar shugaban kwamiti ya sa babbar riga ya isa gidanku, ya yi jawabin da ya sa mata kuka, ya ce duk shawarar da kika bayar tana zuciyarsa. Na yarda. A can ya adana ta, don a kasuwa dai ba mu ganta ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Ni mai sayar da kwaɗo ne da sarƙa, tsoron mutane shi ne jarina. Shi ya sa ranar da kika fara zuwa shagona kika ce kwamiti ne ya ɗauko ki ki binciko abin da ke damun 'yan kasuwa game da tsaro, don a san inda za a kafa kyamarori, na ce a raina ga wata ta zo raba ni da abincina.

Ba ki tambayi kowa "me kake tsoro?" ba. Kin san ɗan kasuwa, zai ce "ɓarawo", ya sallame ki. Sai ki zauna a benci, ki bari a gama ciniki, sannan ki ce, "Kawu, a ce wani abu ya faru yanzu. Tashi ka nuna mini ta inda za ka fita." Kuma sai an tashi ɗin, kina biye. Har muka raɗa miki suna Malama Tambaya.

Da haka kika gano abin da dukanmu muka sani ba ma faɗa. Telolin bene suna ajiye bokitin ruwa kusa da keken ɗinki, ba don wanke hannu ba. Mai atamfa ba ta barin jaririnta ya kwanta a ƙuryar shago. Inna mai ɗinkin hula, wadda gwiwa ta hana ta sauri, ta kai ki har ƙofar baya, ta ɗora hannunta a kan sarƙar da aka ɗaure tun bara saboda ɓarayi, ta ce, "'Yata, nan zan tsaya in yi salati." Washegari kika dawo mata da man shafawa na gwiwa, kika roƙi wani mai shagon ƙasa ya musanya mata da nata na bene.

Ina wurin ranar da kika yi wa kwamiti bayani. Shugaba ya ce, "Malama, ɓarayi muka aike ki, kin dawo mana da wuta." Kika ce, "Ranka ya daɗe, mutane kuka aike ni, kuma abin da suka nuna mini ke nan." Ba ki ɗaga murya ba. Kika yi ta zarya har aka kwance sarƙar, aka sa mai gadi a bakin ƙofar.

Da kika kwanta asibiti aka sace wayar ƙanin shugaba. Sarƙa ta koma. Kwaɗon da suka sa na san irinsa, mai kaurin wuya ne, zarto sai ya gaji kafin ya ci rabinsa. Ko a wurina ba su saya ba, balle in ce na rage asara.

Ba a faɗa miki ba, don kada a ƙara miki ciwo, amma makon jiya wayoyin lantarkin da ke ƙarƙashin matakala suka yi tartsatsi, dab da tukunyar gas ɗin mai shayi. Wani ya yi ihu. Kasuwa duka ta nufi ƙofar gaba, ƙofa ɗaya. Na ga mai atamfa ta ɗaga ɗanta sama da kanta ana matse ta da bango. Inna ta faɗi, aka bi ta kan hannunta. Wutar ba ta ma kama ba. Kyamarori sun ɗauki komai tsaf, an ce hoton ya fito da kyau.

Tun ranar, hancina nake kasuwa da shi. Wani ya kunna ashana a layin baya sai in miƙe tsaye.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya amintar da ke daga dukkan abin tsoro. Ga maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki, muna miƙa ta'aziyyarmu, mu da telolin bene da Inna, wadda ta so zuwa hannu ya hana. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari.

Jiya na tambayi mai gadi inda makullin ƙofar baya yake. Ya ce yana aljihun shugaba, shugaba kuma ya yi tafiya saro kaya. Na ce to madalla. In hayaƙi ya tashi kafin ya dawo, mu fara kiran 'yan kwana-kwana ne, ko mu tambayi shugaba ranar da zai iso?