Koren Zare Mai Ƙulli Biyu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Asabar ɗin da kwanduna huɗu suka iso magsala, wato ɗakin wankinmu, an tsefe musu zarena ba. Ku da kuka shigo aikin wanki a bayanmu kun sha jin ina faɗa a kan abu guda, cewa kaya kwandon da ya zo a ciki shi yake komawa. Yau za ku ji inda na samo wannan doka.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina wanki da guga a wani sakan, wato gidajen manyan ma'aikatan wani kamfani, a bayan Madina kan hanyar Yanbu. Katanga doguwa, ƙofa ɗaya, gidaje goma sha biyu a ciki. Likitoci ne da injiniyoyi, kowa da ƙasarsa. Mu shida ne a magsala. A samanmu akwai mushrifa mai duba aikinmu, Hauwa 'yar Sudan, a samanta kuma mudir, wato manaja, wanda shi ke sabunta mana iƙama, takardar izinin zama. Ni da ƙafar Hajji na zo ƙasar nan, na zauna a Uhudu, na binne mijina a Baƙi'a, kuma ba ni da sauran buri sai a kwantar da ni a can. Wanda aka yi wa tarhil, aka sa shi a jirgi aka mayar da shi ƙasarsu, ya yi sallama da wannan. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na kusa rasawa.

Ga yadda aikin yake. Ranar Asabar ake kawo kwanduna, kowane gida da nasa, ranar Litinin a mayar a goge. Sauran mata suna rubuta lamba a wuyan riga. Ni ban san alif ba, sai na samo tawa dabarar. Gida bakwai ne a hannuna, kowanne na ba shi launin zare, in ɗinka shi can cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa. Ƙulli ɗaya na maigida, biyu na uwargida. Tawada tana gogewa, zare yana nan. Hauwa takan ce, "Ku ba Hajja Kande hanya, digirinta a kan allura yake." Shekara tara ban taɓa kai kayan wani gidan wani ba, kuma ina ji da wannan fiye da kima.

Wata Asabar sai na tsinci singileti mai koren zare a kwandon gidan ja. Na ce tsufa ya fara kama ni. Da na zazzage kwandon gidan kore, sai ga ta maigidan ja a ciki. Sati na gaba, rigar barcin matar gidan rawaya a kwandon gidan baƙi, ta matar baƙi a na rawaya. Sati na uku aka sake juyawa. Hanci ma ya ba da tasa shaidar, don turaren wata nake ji a rigar filon wata.

Na ga abubuwa a wanki. Na san alamar namijin da ke cin amanar matarsa. Wannan ba ita ba ce. Nan babu mai ɓoye wa wani a cikinsu, su takwas ɗin sun san da juna. Ranar Alhamis gidajen huɗu ke sallamar masu aikinsu, a tura yara Yanbu kallon teku, labule ya sauka tun la'asar. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne yadda suke yi a waje. Na ga maigidan ja ya gifta matar gidan kore a bakin ƙofa, ko sallama babu, kamar ba su taɓa sanin sunan juna ba. Da sauran maƙwabta suna gaisawa har da dariya. Junansu ne kawai ba sa gani.

Na yi a'uzubillahi, na ja bakina. Amma hannuna bai yi shiru ba. Duk abin da na wanke sai in bi zare in mayar wa mai shi, a ninke, a goge. A ganina amana ke nan.

Matar gidan kore Bahaushiya ce, likita. Ba zan faɗi sunanta ba, Dakta kawai. Wata Talata da azahar, sauran sun tafi salla, injuna duk a kashe, ban ji buɗe ƙofa ba sai ganin ta na yi tsaye a bayana, riƙe da farar singileti.

"Sannu da aiki, Mama. Wannan a kwandonmu ta zo?"

"A'a."

"To yaya aka yi ta dawo gidanmu?"

"Ta maigidanki ce."

"Farar singileti ce fa. Irinta ta cika kasuwa."

Na karɓa, na juya kalmasar, na nuna mata. Ta daɗe tana kallon ɗan ƙullin. Sannan ta ɗaga kai ta dubi kantar da ke jikin bango, inda zarurrukana suke jere, ja, kore, rawaya, baƙi, kusa da juna.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka tare."

"Duk kayanmu?"

"Har na ciki."

Ta yi wani murmushi da bai kai ido ba. Ta ce, "Wata mai kamawa za a ba ni shugabancin sashenmu. Shekara goma sha huɗu ina jiran wannan kujera." Na ce Allah Ya sanya alheri. Ta ce, "Mama, kina da abokan hira?" Na ce, "Da dutsen guga nake hira, shi kuma kurma ne." Ta fita.

Sai Asabar ɗin da na fara da ita. Kwanduna huɗu suka zo, na juya riga ta farko, babu zare. Ta biyu babu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tawul, zanen gado, safa, ko'ina sai 'yan ramukan allura. Mutum takwas masu digiri sun zauna sun bi kowace kalmasa sun tsefe.

Washegari mudir ya kira ni. Dakta na zaune a gefe, hannu a kan cinya. A kan teburin akwai farar takarda, a kanta tarin zarurrukana da ƙulle-ƙullensu. Ya ƙi taɓa su da hannu, da bakin alƙalami yake tura su.

"Ya Hajja, gida huɗu sun sa hannu. Sun ce kina ƙulla musu sihiri a tufafi."

Ku da aka haifa a nan kun san nauyin wannan kalma a kan tsohuwa baƙar fata. Tarhil ne mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Na ce alama ce ta aiki, a gwada ni. Ya sa Hauwa ta kawo wankin sauran gidajena uku a cakuɗe. Na raba su gida gida, na miji daban, na mata daban, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Hauwa ta ce, "Wallahi ya mudir, da ta iya sihiri da ta sa wa guga ya yi kansa." Bai yi dariya ba. Ya ce Hauwa ta fita, ya rufe ƙofa.

"Na yarda alama ce. Amma gida bakwai kike ɗinka wa. Me ya sa waɗannan huɗun kaɗai suka taso? Me ya haɗa su? Kin ga wani abu?"

Dakta ba ta dube ni ba. Kalma ɗaya daga bakina, aikinsu, iƙamarsu, sunan da 'ya'yansu ke amsawa, duk sun tafi, ban da abin da hukuma za ta yi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa tausayi kaɗai ya riƙe ni ba. Abin da suke yi ƙazanta ne a wurina, har gobe. Amma zare ba shaida ba ne. Shari'a mutum huɗu take nema da suka gani da ido, wanda ya yi ƙazafi ba tare da su ba kuwa bayansa ne zai sha bulala. Ni idona singileti ya gani. Kuma na tuna 'yarta ƙarama da ke ɗago mini hannu daga mota.

Na ce, "Laifina ne, ya mudir. Kaya ya zo a kwandon wani, na kai shi gidan wani. Sati uku ina yi. Shi ya ɓata musu rai."

Ya dubi Dakta. Ta ce a hankali, "Haka ne. Maganar sihiri rashin fahimta ce, mun janye." Ya rubuta mini inzar, takardar gargaɗi, na dangwala yatsa. Sunan da na yi shekara tara ina ginawa ya tafi a nan. Har na bar wurin ana ce mini mai cakuɗa kaya. Amma iƙamata ta tsira. A bakin ƙofa ran nan na ce wa Dakta da Hausa, "Ni na rufe. Wanda ke gani ba Ya bukatar zare." Ta wuce.

Gidajen huɗu suka sayi injin wanki. Dakta ta hau kujerarta. Kafin shekara ta zagayo duk sun watse, wasu Yanbu, wasu ban san inda suka nufa ba.

Bayan shekara biyu ina sallar la'asar a Masallacin Annabi, matar da ke sahun gabana ta yi sujada, bakin abayarta ya juye. Koren zare, ƙulli biyu. Guda ɗaya ya tsere musu. Da aka sallame ta waigo, muka haɗa ido. Ba ta gaishe ni ba, ban gaishe ta ba. Irin kallon da suke yi wa juna a bakin ƙofa shi ta yi mini, na gane ashe ni ma an sa ni a lissafin waɗanda ba a gani.

To, 'yan nan, mai wanki ta fi liman sanin mutanen unguwa, kuma babban mutum ya fi tsoron wadda ta san shi a kan ɓarawo. Ku wanke, ku goge, ku mayar a kwandon da ya zo. Kada hannunku ya faɗi abin da bakinku ya rufe.