Gaɓar da Yaya Ya Bari

A ofis Mai Awo ake kiranta, a gida kuwa har gobe Auta ce, duk da furfurar da ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Kamfaninsu ke rubuta manhajar da asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita, wa zai fara ganin likita, wa zai iya jira. Wasu ke rubutawa, ita nata aunawa. Manhaja gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa da aikinta. A cikin furosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, masu ƙera shi sun binne wasu 'yan mitoci irin na wutar lantarki, suna ƙirga kowane bugu da ya yi da kowane umarni da ya kammala. Sai ta kunna manhaja, ta karanta mitocin, ta ce gaɓa kaza ce ke cin lokaci ba ta tsinana komai. Shi ya sa ba a rububin zama kusa da ita. Mutum ya sha gumi kan rubutunsa, ta zo riƙe da kofin shayi ta ce masa rabin bugun na'ura a banza yake tafiya, kuma ba ta tauna magana.

Yayanta ne ya koya mata sana'ar. Tun kamfanin yana ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara yake ciki, shi ya jawo ta. Mutum ne da ba a taɓa gane inda ya dosa ba. Zai ce yana tafe da safe, a gan shi da la'asar. Ya taɓa fita sayen batir ya dawo da kyanwa. Haka ma ya tafi. Likita ya ce ya samu sauƙi, an fara haɗa masa kaya za a sallame shi, sai ya cika. Kujerarsa tana nan jikin taga, ba wanda ya hana a zauna a kai, ba kuma wanda ya taɓa zama.

Shi ya rubuta gaɓar da ke yanke hukuncin wa zai riga wa. Umma, mahaifiyarsu, ba ta san kwamfuta ba, amma ta riƙe abu ɗaya gam: aikin da mutum ya bari yana amfanar jama'a, ladansa na iske shi a kabari. Duk ranar da Auta ta je gaishe ta, tambayar ke nan.

"Aikin yayanki yana nan yana tafiya?"

"Yana nan, Umma. Yau ma na gan shi."

Ba ƙarya take yi ba. Duk awon da ta yi, gaɓar Yaya ce ke fitowa a saman allo, ɗauke da sunan da ya raɗa mata. Takan daɗe tana kallon layin da sunan yake, ta ji tamkar yana bayanta yana kaɗa ƙafa. Abin da ba ta taɓa gaya wa Umma ba shi ne, a wannan allon, na sama ba gwani ba ne, shi ne ya fi kowa cin lokaci.

Asibitoci suka ƙaru, layi ya yi tsawo, ƙorafi ya fara zuwa. Nas za ta danna, allo ya tsaya cak, ga mai ciwon ƙirji a gabanta yana haki. Shugaban sashensu ya kira ta, ya rufe ƙofa, yana ta juya biro a hannu.

"Na san ta wa ce," ya ce. "In ba za ki iya ba, sai in ba wani."

"Ba wanda zai taɓa ta sai ni, Oga."

Ta koma ta auna gaɓar ita kaɗai. Furosesa ba ya jira a gaya masa hanyar da za a bi. Canka yake yi ya wuce gaba, in ya yi kuskure ya zubar da aikin ya dawo baya. Akwai mita ta musamman mai ƙirga wannan kuskuren, kuma a gaɓar Yaya gudu take kamar an buɗe famfo. Dariya ta suɓuce mata: ashe na'ura ma ta kasa gane inda Yaya ya dosa. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba hawaye suka karɓe ta, ta shiga banɗaki ta wanke fuska.

Ta rubuta sabuwar gaɓa, miƙaƙƙiya, mai saurin da ita kanta ta ji haushinsa. Amma ta kasa goge tsohuwar. Sai ta yi dabara: duk lokacin da aka kunna manhaja, a kira gaɓar Yaya sau ɗaya ta yi lissafinta, a ajiye amsar a gefe. Ko ba komai, za ta iya ci gaba da cewa yana tafiya.

Ta kunna, ta karanta mitoci. Layin Yaya babu shi a sama, babu shi a ƙasa. Ta nemi gaɓar da sunanta, mita ta nuna sifiri. Ta sake, sifiri. Ofis cike yake da mutane, rana tsaka, amma sai ta waiga ta dubi kujerar jikin taga kamar yanzu wani ya tashi daga kai.

Ita ce fa Mai Awo, kuskuren da ta sha yi wa wasu faɗa a kai ke nan. Manhajar da ke juya rubutunsu zuwa harshen na'ura ba ta da kara: in ta ga lissafin da ba wanda ke amfani da amsarsa, share shi take yi tun kafin ya isa furosesa. Ta san yadda ake tilasta mata ta bar shi, layin rubutu ɗaya ne kawai. Ta ɗora yatsu kan madannan kwamfuta, ta tsaya. Aikin da ba ya amfanar kowa, wane lada zai kai masa? Ta goge gaɓar da hannunta, ta tura wa asibitoci sabuwar.

Da ta je gida ta tarar da Umma a falo tana ninke wanki.

"Aikin yayanki yana nan yana tafiya?"

"Marasa lafiya sun daina jira, Umma. Yanzu da an danna sai ya fito."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. Ta ɗauki wata riga ta fara ninkewa, sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dubi 'yarta da kyau.

"Auta, yau ba ki ce kin gan shi ba."