'Yar Hedimasta Mai Kitso

'Ya'yan Hedimasta biyar ne. Huɗu sun yi karatu har sun ƙoshi, ta tsakiyar kuwa mai kitso ce.

Tun tana aji biyu aka ga ba ta ja. In ta kalli allo sai haruffa su riƙa sauya mata wuri, layi ya hau kan layi. Sau ɗaya ta taɓa gaya wa babanta. Ya zare tabarau ya ce, "Haruffa ƙafa gare su? Lalaci ne kawai." Ta sha bulala a makaranta, ta dawo gida ta sha ƙari, don a ganinsa babu abin kunya kamar 'yar shugaban makaranta ta zo ta ƙarshe. In an yi baƙi yakan jera yaransa yana yabon kowa, in ya zo kanta sai ya ce, "Ke, kawo ruwa."

Da ƙannenta suka wuce ta, sai ta bar makaranta, ta koyi kitso wurin wata maƙwabciya. Daga baya ta buɗe ɗan shago mai kujeru biyu da tsagaggen madubi. Hannunta na da kyau, bakinta ba ya rasa barkwanci. In saƙo ya shigo wayarta sai ta miƙa wa wadda take yi wa kitso ta ce, "Duba min, hannuna duk mai ne." Babu wadda ta taɓa ganewa.

Da tsufa ya kama Hedimasta, mantuwa ta fara cin kansa, sauran 'ya'yan duk suna nesa a ofisoshinsu. Su ke aiko magani, ita ke ba shi a baki. A ɗakin bayan shago ta ajiye shi.

Ana nan sai 'yarta ta aji uku ta tsiri ciwon ciki kullum da safe, ciwon da ba ya zuwa ranar hutu. Malamar ajin ta aika a kira uwar. Mai kitso ta zauna a kan ɗan bencin yara kamar ita za a doka.

"Maman yarinya, 'yarki ba daƙiƙiya ba ce," in ji malamar. "Komai na faɗa da baki tana riƙewa. Rubutu ne ke rikice mata. Sunan abin disleksiya, kuma yakan bi jini. Ba duka yake so ba. A bi ta a hankali, harafi da sautinsa, tana zanawa da yatsa a tiren yashi, a riƙa karanta mata a gida. Za ta iya."

"Ashe yana da suna?" Abin da uwar ta iya faɗa ke nan.

Ta dawo ko shago ba ta buɗe ba. Ta tarar da tsohon a kujerarsa yana kallon bango, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ashe ba lalaci ba ne. Abin nan da na gaya maka, gaskiya ne. Malamai sun san shi."

Ya dube ta da fara'ar da yake yi wa baƙi. "Sannu, baiwar Allah. Kina da kirki. Ni ma ina da wata 'ya kamar ke, amma ba ta ji. Na yi iya yina a kanta."

Ta ɗauko ruwa ta ba shi ƙwayar maganinsa ta rana, ta goge masa haɓa, sannan ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Bai ƙara wata uku ba ya rasu.

Yanzu da yamma takan rufe shago ta raka yarinyar darasi na musamman, ko da masu kitso na jira. Mijinta, direban babbar mota, shi ke yi wa yarinyar karatu in yana gari. Ita dai takan tsaya a bakin taga tana jin ƙaramar muryar tana haɗa sauti da sauti. Malamar ta sha ce mata, "Shigo mana, akwai kujera." Sai ta yi murmushi ta ce, "Bari dai, Malama. Ba yau ba."