Yinin da Gwaggo Hassu ta yi tana kallon bakina

Shekara ashirin da uku ke nan da muka rasa Gwaggo Hassu, yayar mahaifina, kuma har yau in na ga an tsare uwa da tambayar abin da ɗanta ya ci jiya, ita nake tunawa.

Zamanin Annasara, ita ce ungozomar da wani likita Bafaranshe ke ɗauka daga Magariya zuwa ƙauyuka, tana yi masa tafinta. Aikinsu shi ne a tambayi uwa abin da yaro ya ci, a rubuta. Wanda takarda ta nuna ba ya samun isasshe, a sa shi cikin masu karɓar madara. Da suka zo garinmu a ƙasar Dogo-Dogo, ban daɗe da yaye ba, kuma ni ce 'yar fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban surukai. Aka tambayi innata a tsakar gida, kakata na zaune. Innata ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta sha kunu, ta ci tuwo, ta ƙoshi." Likita ya rubuta, aka tsallake ni.

Gwaggo ba ta yarda ba, don ta ga wuyana kamar zare. Washegari ta ce ciwon kai take, mota ta tafi ta bar ta. Ta shimfiɗa tabarma gindin rumbu, ta yini ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Kunun da aka ajiye mini, na kurɓa sau biyu, akuya ta ƙarasa. Tuwo kuwa akushi ɗaya aka zuba mana mu biyar, kafin in kai loma ta uku 'ya'yan baffana sun suɗe. Innata ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta zuba ta faɗa, abin da ya shiga cikina kuwa al'ada ta hana ta tsayawa ta gani.

Da likita ya dawo, Gwaggo ta kira shi da "Mushe," wato "Malam" da Faransanci, ta ce masa, "Takardarka ta ƙoshi, amma yarinyar nan yunwa take ji." Ya ɓata rai, ya ce ba ita ke rubutu ba. Ta ɗauko ni ta ɗora masa a cinya. Aka sa sunana.

Yanzu jikata Rabi irin aikin take, da waya a hannu maimakon alƙalami. Ta ce ko su sun san amsar iyaye ba ta cika daidai ba: wata ta ƙara don kunya, wata ta rage don a ba ta taimako, wata ta manta. Da Gwaggo na raye, na tabbata ba za ta raina wayar ba, ba ta da ƙyashin sabon abu. Sai dai za ta tambayi Rabi, da wannan hararar tata, "Wa ke zaune lokacin da kika yi tambayar? Su nawa ne a akushin?"

Gwaggo mace ce mai faɗa, ban ɓoye ba, na sha rankwashinta har na girma. Allah bai ba ta haihuwa ba, mutane kan ce ta tafi ba ta bar baya ba. Wannan magana tana ƙona mini rai. Na haifi bakwai, jikoki sun fi ƙarfin yatsuna, kuma dukanmu daga wannan yini guda muka fito. Allah ya jiƙan Gwaggo, mu ne bayanta.