Littafin Kuskure

Ni na kawo littafin nan daga Gaya, a cikin jakata, a bayan babur. An tara mu shugabannin ƙananan asibitoci aka ce daga yau duk ma'aikacin da ya yi kuskure a kan mara lafiya ya rubuta, ba suna, ba hukunci, don a gyara aiki. Mutumin da ya yi mana bayani har da dafa ƙirji. Na yarda da shi, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Asibitinmu ɗaki uku ne a gefen Toranke. Mu biyu ne mata a ciki, ni da na zo da takardar makaranta, da wata dattijuwa da take allura tun ina firamare. Yaya nake ce mata. Rabin yaran garin ita ta yanke musu cibiya. Bakinta ba daɗi, za ta wanke ki tas don kin bar yaro da zazzaɓi kwana uku, sannan da yamma ta bi ki har gida ta duba shi.

Da damina ne, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Wata tsohuwa ta kawo jikokinta biyu, 'ya'yan wa da ƙane, jikinsu kamar wuta. Dukansu sunan kakansu aka sa musu, saboda haka ba mai furta sunan a gidan, kowanne Abba ake ce masa. Katinsu suna ɗaya, gida ɗaya. Tsohuwa ta miƙa katunan a haɗe, ga layi har bakin ƙofa, sai Yaya ta yi wa ƙaramin allurar da aka auna don babban. Tana zare allurar ta gane. Ni kaɗai ta gaya wa. Muka kwantar da yaron, ta zauna a kansa har la'asar. Ya yi amai, ya yi barci, ya farka ya nemi kunu. Tsohuwa ta goya shi ta tafi tana sa mana albarka.

Ni na ɗauko littafin na ajiye a gaban Yaya.

"Malama, ki bar maganar nan," in ji ta. "Yaro ya tashi."

"Yaya, ba suna fa. Gobe wani gidan ne zai kawo mana Abba biyu."

Sai ta karɓi biro. Ta rubuta abin da ya faru dalla-dalla, a ƙasa ta ƙara da shawara: a riƙa sa sunan uwa a katin yaro, kuma a ɗora kowane yaro a sikeli kafin allura ko da layi ya kai titi. Ranar na koma gida ina jin mun yi abin kirki.

A taro na gaba a Gaya aka haska shafin a bango, da rubutun hannunta. Ba suna, wannan gaskiya ne. Amma an bar sunan mazaɓarmu a sama, kuma mai bayani ya ce aikin "wata tsohuwar ma'aikaciya" ne. Duk ma'aikatan ƙaramar hukumarmu ta Ajingi suka juyo suna kallona. Shawararta kuwa hoton ya yanke ta, ba wanda ya gani. A cikin ɗakin akwai ɗan kwamitin lafiya na garinmu, wanda bai taɓa cewa uffan a taro ba sai dai ya ci shinkafa ya tashi. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Washegari uban yaron ya zo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a tsakar asibiti yana faɗa wa duniya cewa an so a kashe masa ɗa an ɓoye. Daga ranar mata suka fara janye 'ya'yansu idan Yaya ta miƙa hannu. Wata ta ce a kan idonta, "Malama ce za ta yi masa, ba wannan ba." Matar nan Yaya ce ta tsayar mata da jini ranar da ta haifi yaron da take riƙe da shi.

Sai takarda ta zo: a cire Yaya daga allura har sai an ƙara mata horo. Horon bai zo ba. Aka bar ta da jera kati da shara. Na hau babur na je na sami mai dafa ƙirjin nan a ofishinsa, ya buɗe hannuwa ya ce, "Ai ba mu ambaci sunanta ba." Na so in mare shi. Ban yi ba, na gaishe shi da aiki na fito.

Kafin a yanke gero ta ajiye aikin. Ranar da za ta tafi ta ninke farar rigarta ta ɗora a teburina, ta ce, "Malama, Allah ya ba ki lada." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Sunan uwa kam ina sawa a kati, ni kaɗai na san a inda na koya. Littafin kuwa ba wanda ya sake taɓa shi, har aka aiko mana da takardar yabo daga Gaya, wai asibitinmu ya daina kuskure.

Wadda aka turo a madadin Yaya sabuwar fita ce daga makaranta. Wata ranar Talata ta shigo ofishina, ta rufe ƙofa, ta ce ta ba wani yaro maganin da ba nasa ba, har an tafi da shi gida, ina littafin nan yake? Na jefa shi a durowa na murɗa makulli.

"Ba ki yi komai ba," na ce. "Je ki wanke hannunki, mutane na jira."

Ta fita. Ban ma tambaye ta ɗan wane gida ba ne.