Ranar da Alhaji Ya Biya Mini Kuɗin Hayar Mota

A shekarar da babbar guguwa ta taso daga teku ta cika ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwa, Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, guguwar kuma ta iso ranar Litinin. Lokacin ina zaune a Tompkinsville da iyalina, ba ni da motar kaina, don haka na je na ɗauki haya domin zuwa gonar da ake yanka mana ragunan layya a New Jersey.

Matar da ke kan kanta ta tambaye ni ko zan sayi inshorar kamfaninsu. Na ce a'a. Maiɗakina ce ta gaya mini in ƙi. Tana aikin kula da tsofaffi, ta kuma fi ni iya ƙananan rubutun Turanci, don ni da ajami na tashi, boko da girma na same shi. Ta ce katin bashin da banki ya ba ni yana tsaya wa motar haya idan da shi aka ɗauka. Ban gane yadda ɗan kati zai tsaya wa mota ba, amma na yarda da ita.

Tare muka tafi da maƙwabcina Alhaji, mutumin Maraɗi, mai sayar da huluna da jakunkuna a Harlem. Da muka dawo ya roƙe ni in ƙara kwanakin hayar in zaga da shi rabon nama a Bronx, domin danginsa da yawa. Na buga waya aka ƙara.

Ranar Talata da safe na fito duba motar. Katon itacen da ke bakin layinmu ya tuge tun daga saiwa ya kwanta a kanta. Rufin ya haɗe da kujeru. Na tsaya ina maimaita innalillahi, har wata tsohuwa Baturiya ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan dakali. Da kamfanin ya janye motarsa ya faɗi kuɗinta, sai na ga ya haura duk abin da na tara na aikin Hajji.

Maiɗakina ta kira masu katin ina zaune kusa da ita. Mutumin ya yi tambayoyi tana fassara mini. Sunana ne a katin da takardar haya? E. Na ƙi inshorar kamfanin haya? E. To, in ji shi, saura abu guda: kuɗin hayar gaba ɗaya sai ya fita daga katin, ko sisi kada a biya ta wata hanya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ba a ma cire ba tukuna. Na tashi na yi sujadar godiya.

Ban gama naɗe darduma ba Alhaji ya yi sallama, fuskarsa wasai, da rasit a hannu.

"Malam, na rage maka nauyi. Don ni motar nan ta kwana a layi. Na je bironsu, can ofishin masu motar, na biya hayar duka, kuɗi hannu."

Maiɗakina ta dafe kai. Alhaji ya dube ta, ya dube ni.

"Mi ya faru? Ko an yi rasuwa?"

"Alhaji," in ji ta, "ka kashe mu da alheri."

Da ta yi masa bayani sai ya cire hula ya riƙe. "Wane irin asirans ne wannan, inshorar nan taku? Mutum ya biya wa ɗan'uwansa, a ce ya yi laifi?"

"Haka tsarinsu yake," na ce. "Ɗauki takalminka."

Garin babu mai, layin gidajen mai ya kai inda ido ba ya gani, don haka a bas muka tafi, muka ƙarasa a ƙafa muna tsallake rassan itatuwa.

Matar kantar ta gane shi. Ta ce lissafin ya rufe, an biya. Na yi mata bayani da Turancina mai ɗingishi. Alhaji ya matso ya dafa teburinta da hannu biyu, dattijo mai furfura, yana cewa, "Madam, kuɗina, ba ni kuɗina," rabi Turanci rabi Faransanci. Masu layi suka zuba mana ido. Ta ce tun safe mutane ke roƙon a rage musu, ba ta ga wanda ya zo roƙon a sake cajinsa ba sai mu. Ta shiga ciki wajen manaja. Ta daɗe. A tsayuwar nan na fara sallama da Hajjina a zuciya, ina gaya wa kaina cewa wanda Allah bai kira ba ba ya zuwa.

Ta fito da kuɗin Alhaji a hannu ta ƙirga masa. Ta karɓi katina ta goga a na'ura, ta cire kuɗin hayar.

A bakin ƙofa ya tura kuɗin aljihuna. Na mayar masa. "Riƙe su tukuna, kada masu katin su ji labari su sake samun hujja."

Makonni suka wuce ana aika takardu da hotunan motar. Alhaji ya daina shigowa shan shayi. A masallaci mu gaisa, ya sunkuyar da kai ya wuce. Abin ya fi batun motar damuna.

Ranar da masu katin suka ce sun biya kamfanin, kai tsaye na haura wajensa na gaya masa. Ya yi hamdala, sannan ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin nan, ko taɓa su bai yi ba.

"Yanzu fa? Ko har yau akwai wata doka?"

"Babu, Alhaji."

Na miƙa hannu biyu na karɓa. Ya juya ya ƙwala wa iyalinsa kira su ɗora ruwan shayi.