Abin da Ke Cin Kaset ɗin Baba

Ranar Lahadi ta biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu, ana tsakiyar zafin bazara, muka zauna kallo a ɗakin Baba bayan sallar Azahar kamar yadda muka saba. An toshe taga da bargo, an yayyafa wa daɓe ruwa, injin wuta yana ruri a bayan ɗaki kusa da turken awaki. Baba ya ɗauko kaset mai lamba ashirin da uku, wani tsohon fim ɗin Indiya da muka taɓa kallo sau biyu, ya hure masa ƙura ya saka. Da farko lafiya lau. Sai can, daidai inda wata tsohuwa ke tsaye bakin ƙofa tana jiran ɗanta, fuskarta ta yage gida biyu. Bakinta ya karkace, idanunta suka narke cikin wani farin yayyafi, muryarta ta koma gurnani irin na raƙumi. Hoton ya dawo, ya sake yagewa, ya dawo, ya sake yagewa, a jere a jere, kamar wani abu ne ke numfashi a cikin tele. Ƙanena ya fashe da kuka. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska tana neman tsari. Ni kuwa na ƙanƙame hannun Yaya Rakiya, na ji ya yi sanyi ƙalau. Baba ya kashe, ya ciro kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya, sannan ya ɗaga ido ya dubi Rakiya, domin ita ce mai makullin ma'ajiyar kaset a wuya.

Baba mai tsaron sito ne a nan Matameye, inda ake ajiye iri da takin zamani, kuma yadda yake jera buhuna a can haka yake jera komai a gida. Ba ya zaman majalisa, ba ya cin goro, shayi ma bai dame shi ba. Abu ɗaya Allah ya sa masa so, shi ne fim. Duk tafiyar da ta kai shi Kano ko Damagaram, sai ya dawo da kaset ɗaya ko biyu a naɗe cikin rawani don kada rana ta taɓa su. Sa'ad da na fara wayo guda bakwai ne a cikin kwalin takalmi. Kafin in kai aji huɗu sun haura ɗari, na Indiya da na faɗan ƴan Sin da na kaboyi, da na Hausa da suka fara fitowa a lokacin, har sai da kafinta ya haɗa masa almuwar, wato kabad na katako mai hawa huɗu da kwaɗo. Kowane kaset da lambarsa a manne a gadon baya, kowace lamba kuma tana cikin wani littafi mai baƙin bango, tare da garin da aka sayo ta.

Kallo a gidanmu yana da dokoki. Da farko, sabon kaset Baba ke fara kallonsa shi kaɗai, ya lura da wuraren da bai kamata yara su gani ba, ranar Lahadi ya tsallake su ba tare da ya dubi kowa ba. Na biyu, ba a kunna inji sai kowa ya gama aikinsa: ni shara da ba awaki ruwa, Rakiya daka da wanke-wanke, in lokacin ɓarar gyaɗa ne kuwa kowa ya shigo da kwaryarsa, ido na kan tele hannu na aiki. Na uku, da an kira sallah za a tsayar, ko da an zare takobi ana shirin sara. "Takobi zai jira, La'asar ba ta jira," haka yake cewa. Na ƙarshe, ba a ba da aro, ko ga ɗan'uwa na jini. In an gama kallo Rakiya ce ke mayar da zaren baya da wata ƴar na'ura ta hannu, ta ajiye kaset a gurbinsa, ta kulle. Shekararta goma sha uku, tana aji shida, tana shirin jarrabawar sartifika. Ran da Baba ya rataya mata makullin ya ce mata, "Wannan ba ado ba ne, amana ce."

Yanzu sai in faɗi nawa. A lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a wannan shekarar, wanda duk ya mallaki mayen ƙarfe shi ne sarki. Da an fita shan iska, ƴan mata na gaɗa da carafke a gindin bedi, maza kuwa na jan nasu da zare cikin rairayi, su tara baƙin garin ƙarfe, su zuba a takarda su sa shi ya miƙe tsaye kamar gashin bushiya. Ni wannan ya fi burge ni. Bayan Sallah na ba wani ɗan ajinmu duk soyayyen naman layyata, shi kuma ya ba ni nasa, wani baƙin zobe mai nauyi da ya cika mini tafin hannu, wanda aka ciro daga babbar lasifikar biki da ta ƙone. Sai matsalar ajiya ta taso. A lakwal Mushe, wato malaminmu, yana ƙwacewa, a gida ƙanena ba ya barin komai. Wuri ɗaya na sani da babu mai kusanta. Tsakanin bayan almuwar da bango akwai ɗan sarari da hannun yaro zai shiga, bayan kuma siririn falanki ne da aka buga da ƙusoshi. Wata safiya ina shara na zura hannu ta ƙasa, na ji zoben ya kama kan ƙusa, ƙap. Na yi murna da wayona. Ko kaɗan ban san akwai abin da ya haɗa mayen ƙarfe da kaset ba.

Baba ba ya son giɓi. Da ya cire ashirin da uku, sai ya tura sauran suka matso suka cike gurbin. Lahadi ta zagayo aka saka ashirin da huɗu, ita ma fuskoki suka yage. A nan Kaka ta faɗi abin da ke ranta. "Kun tara mutane fiye da ɗari kun kulle a akwati, ga kiɗa ga duhu, ku ce ba za a samu masu taya su zama ba?" Baba ya ce ta bar wannan zance, amma ni ya riga ya shige ni. Da na ba ƙawayena labari a lakwal suka ƙara mini gishiri, wai in aljanin ya gama cin fuskokin cikin kaset zai juyo kan na mutanen gida. Daga ranar sharar ɗakin Baba ta zama mini azaba. Nakan shiga da Falaƙi da Nasi a baki, in juya wa almuwar baya, in ji katakon yana ƙara saboda zafi, in ce ga shi nan yana motsi. Wata rana tsaka ta fito daga bayansa, na yar da tsintsiya na ruga har na yi tuntuɓe da turmi. Kowace safiya sai na leƙa randa na tabbatar hancina da bakina suna inda suke. Mayen ƙarfena kuwa na haƙura da shi, domin ko za a yanka ni ba zan sake zura hannu a wurin ba.

Shi Baba nasa lissafin daban ne. Makulli ɗaya ne, yana wuyan mutum ɗaya, saboda haka Rakiya ce ke fitar da kaset tana ba ƙawayenta aro, suna sakawa a lalatacciyar bidiyo. Rakiya ta rantse ba ta taɓa ba. Ya ce ya ji, amma in aka samu na uku za ta bar gidan. Lahadi ta uku, ashirin da biyar ta yage tun ba a yi nisa ba. Baba ya miƙa hannu, Rakiya ta cire makullin daga wuyanta ta ba shi. Ya ce ranar Alhamis za ta bi mota zuwa Ɗan Barto wurin Gwaggo, ta taya ta sharar gona, ta zauna can. Saura makonni kaɗan a yi jarrabawa. Inna ta bi shi har zaure tana roƙo, muna jin amsarsa daga tsakar gida: "Kaset ana sayen wani. Wadda ta rantse a kan ƙarya, me takarda za ta ƙara mata?"

Ranar Litinin da yamma ya kawo Malam Sani mai gyaran rediyo ya duba masa bidiyon. Malam Sani ya kwance, ya goge, ya gwada wani kaset daga hawa na sama, hoto tas. Sai ya buɗe bakin ashirin da biyar, ya jawo zaren ya ɗaga shi ga haske. Ina bakin ƙofa da kwanon ruwan da aka aike ni in kawo masa lokacin da ya ce, "Wannan ba inji ne ya tauna ba, dubi zaren ko ƙwarzane babu. Irin wannan sai in an ajiye shi jikin lasifika, ko yara sun goga masa mayen ƙarfe." Baba ya ce, "A ɗakina babu wannan. Can inda ta kai su ne." Ban san yadda na ajiye kwanon ba. Aljanin da na yi makonni ina tsoro ya ɓace nan take, wani tsoron da ya fi shi ya zauna a gurbinsa.

Washegari da safe na zura hannu. Babu komai sai yanar gizo-gizo da zobena. Na ɓoye shi cikin zane na kai turken awaki, na binne a ƙarƙashin kwamin ruwa, na ce shi ke nan, kaset ba zai ƙara lalacewa ba. Ina hanyar lakwal na jera abin a kaina, sai na ga inda ya nufa. An karɓe makulli daga Rakiya, ɓarna ta tsaya, ke nan Baba ya yi gaskiya, ita kuma ta tabbata maƙaryaciya har abada. In na yi magana kuwa, Baba ne. Bai taɓa dukan ɗayanmu ba, kuma wannan ne abin tsoron, domin ba mu san inda fushinsa yake ƙarewa ba. Wanda ya kori Rakiya a kan zato, me zai yi wa wadda ta zo da shaida a hannu? Ranar Laraba da yamma Rakiya ta zaunar da ni ta yi mini kitso, a hankali, ba ta ja ba ko sau ɗaya. Da ta gama ta miƙo mini littafinta na lissafi ta ce, "Riƙe, baɗi waccan za ki buƙace shi." Gara a ce ta mare ni.

Safiyar Alhamis an ɗaure kayanta a tsohon zanen Inna, an ajiye a bakin zaure. Baba na kan tabarma yana shan koko, makullin na gefensa. Na je na tono zoben, ko kashin awakin ban goge ba, na zo na durƙusa, na ajiye shi a kan tabarma. Kafin in buɗe baki makullin ya ja jiki ya manne masa, ƙap. Baba ya dubi zoben, ya dube ni. Tambaya uku ya yi mini: a ina yake, tun yaushe, wa ya sani. Na amsa duka ukun. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya janye almuwar shi kaɗai, ya ga ƙusar, ya auna da taƙi daga gefe, ya zagayo ya auna ta ciki. Daidai gurbin ashirin da uku. Ya daɗe a tsugune. Da ya fito, ni nake jira, amma Rakiya ya kira. Ya ɓamɓare makullin daga zoben, ya rataya mata da hannunsa, ya ce a gaban kowa, har da mu ƙanana, "Na zalunce ki. Ki yafe mini. Je ki kwance kayanki, kin makara lakwal." Ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba sai ranar. Kaka ta goge ido ta ce, "To, ashe aljanin na gida ne, har kitso aka yi masa jiya."

Hukuncina bai zo da bulala ba. Lahadi uku na yi a waje, bayana jingine da ƙofa, ina jin kiɗa ba na ganin hoto, kuma ni na riƙa mayar da zare da hannu har damina ta wuce. Zoben aka rataye shi a ɗakin Inna, tana tsintar allura da shi. Abin da ya fi yi mini zafi daga Rakiya ya zo. A hanyar lakwal ta tambaye ni kwana nawa na yi da sani. Na ce uku. Ta ce, "Uku," ta wuce gaba, ba ta ƙara ba, kuma har yau ba ta sake tayar da zancen ba.

Rakiya ta ci jarrabawarta, yanzu ita ce ke koyar da ƴaƴan wasu a wajen Kance. Baba ya rasu, almuwar ɗin ya dawo ɗakina da kaset fiye da ɗari uku, babu sauran injin da zai karanta su a garin nan. Yarana suna ɗauke da fina-finan da suka ninka haka a cikin waya, kowa a kusurwarsa da abu a kunne, ba lamba ba gurbi, in ɗaya ya ɓace a sauko da wani. Ba wanda ke toshe taga da bargo, ba wanda ke jiran Lahadi. Sai bayan rasuwarsa na buɗe littafin nan mai baƙin bango, na nemi ashirin da uku, da huɗu, da biyar, ina tsammanin zan ga sunana. Babu shi. Da jan alƙalami ya haɗa lambobin uku da layi ɗaya, ya rubuta a gefe: "Na yi hukunci kafin in duba baya." Tun ranar, duk sa'ad da yarana suka yi mini laifi, sai na fara janye almuwar kafin in yi hukunci.